Kama da Wane Ba Ta Wane: Yaron Ƙasar Funtuwa da Malumfashi a Hannun Masu Zane

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, kama da wane ba ta wane. Akan kawo wannan karin magana ne domin jan kunnen mutumin da kamanni suka ruɗe shi, har ya ɗauki inuwa a matsayin mai ita. Nufina a wannan maƙala shi ne in auna maganar a kan wani fanni wanda ba mu saba taɓawa ba a Sashen Hausa, watau zanen kamannin mutane da fenti, musamman ma zanen yara ƙanana. Zan taƙaita bayani a kan nau'in da za mu kira zanen zahiri, watau wanda mai zane yake ƙoƙarin fito da mutum kamar yadda ido yake ganinsa, da ƙurar ƙafarsa da yagewar rigarsa, ba ƙari ba ragi.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne, zane yana iya kama da yaro ƙwarai da gaske, har a ce numfashi kaɗai ya rage masa, amma duk da haka ya yi wa yaron ƙarya. Ƙaryar tana ɓuya ne a cikin alamomin da aka jera kewaye da shi: abin da aka danƙa masa a hannu, da tufar da aka sa masa, da inda aka juya ƙwayar idonsa. Masu nazarin waƙa a cikinmu sun san wannan dabara da sunan alamtarwa, watau a kawo wani ƙaramin abu a bar shi ya tsaya a madadin babba. To, mai zane ma yana alamtarwa, sai dai shi da launi yake yin tasa. Na zaɓi yaron ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya zama ma'auni, domin ɗan ƙasar noma ne, kuma rayuwarsa ta yi nisa ainun da ta yaron da aka ƙago waɗannan alamomi dominsa.

Asalin Yaron Cikin Zane

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mu san inda aka samo siffar da ake ɗora wa yaranmu. A ƙasashen Turai, ra'ayin cewa yaro wata halitta ce tsarkakakkiya wadda duniya ba ta taɓa ba, kuma wadda ya wajaba a killace daga aiki da sanin wahala, ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 18. Littafin Emile na Rousseau, wanda ya fito a 1762, yana cikin abubuwan da suka yayata shi. Wajen ƙarshen wannan ƙarni ne Joshua Reynolds na Ingila ya zana wata ƙaramar yarinya zaune a ƙasa, ba takalmi, cikin farar riga, ta ɗora hannuwanta a ƙirji tana duban gefe, ga itatuwa a bayanta. Bayan rasuwarsa aka laƙaba wa zanen wani suna mai ma'anar shekarun tsarkin zuciya, aka yi ta buga shi ana sayarwa, har ya zama abin koyi na yadda yaro zai kasance a cikin zane: tsaf-tsaf, hannu wofi, ba aiki ba aike.

A 1886 wani Baturen Ingila, John Everett Millais, ya zana jikansa yana zaune, ya ɗaga kai yana kallon kumfar sabulu da ta tashi sama. A gefe guda ya sa tsiro a cikin tukunya, a ɗaya gefen kuma fasasshiyar tukunya. Wanda ya san alamomin Turawa ya san abin da ake nufi: kumfa ita ce rayuwa, tana da kyau amma ba ta daɗewa, tsiro shi ne ƙuruciya, fasasshiyar tukunya kuwa mutuwa ke nan. Ba a jima ba kamfanin sabulun Pears ya mallaki zanen, ya ƙara masa sandar sabulu, ya mai da shi tallar haja. Wannan abin lura ne, domin ya nuna mana tun da wuri cewa tsarkin ƙuruciya abu ne mai kasuwa.

'Ya'yan talakawa ma ba a bar su a baya ba. Tun a ƙarni na 17 Murillo, mutumin birnin nan na ƙasar Sifen da littattafan Larabci ke kira Ishbiliya, ya shahara wajen zana yaran titi. Akwai wani zanensa da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre a Paris, na wani yaro mabaraci zaune a lungu yana cire ƙwarƙwata daga rigarsa, ga tulu da kwando a gefensa, hasken rana na zubo masa ta taga. Zane ne mai ratsa zuciya, amma attajirai ne suka riƙa sayen irinsa suna ratayewa a gidajensu, domin talaucin da ke ciki bai tuhumi kowa ba. Sai a ƙarni na 19, lokacin da tafarkin zahiri ya zama aƙida, musamman bayan nunin da Courbet ya yi a Paris a 1855, aka sami masu zanen da suka sa yaro ya zama shaida a kan manya. A 1866 Vasily Perov na Rasha ya zana yara uku, masu koyon sana'a, suna jan wata ƙatuwar gangar ruwa a kan ƙanƙara a titin Mosko cikin tsananin hunturu. Duk wanda ya dubi wannan zane, tambaya ɗaya ce take fara zuwar masa: wa ya aike su?

Ke nan Turai ta bar wa masu zane gadon yara uku: yaro tsarkakakke, da yaro abin tausayi, da yaro mai tuhuma. A ganina, idan aka zo kan yaron Hausa, na farko da na biyu aka fi ara, aka bar na ukun.

Yadda Abin Ya Iso Mana

Zanen kamanni irin na Turawa ta bakin teku ya shigo Nijeriya. Aina Onabolu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1963, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya share fage, kuma manyan mutanen Ikko ya fi zanawa. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Badun zuwa Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne, a 1958, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka yi kira da a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da gadon gida. Kowannensu ya waiwayi gidansu: Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo kuwa ga rayuwar Yarabawan Ikko. Kiran nasu daidai ne, sai dai babu Bahaushe a cikin waɗannan jagorori, saboda haka gadon ƙasar da makarantar take zaune a cikinta bai sami mai waiwayarsa daga ciki ba a wannan zango na farko. Alhali kuwa hanyar da ta bi ta gaban jami'ar a Samaru ita ce ta wuce Shika da Giwa ta faɗa Funtuwa.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san zane ba. Maginan Zariya da Kano sun ƙawata bango da dagi, maɗinka sun yi aska takwas a gaban riga, masu sassaƙar ƙwarya sun yi nasu, alarammomi kuma sun yi zayyanar allo ranar sauka. Duk waɗannan zane ne mai magana da alama, sai dai ba sa fito da surar mutum. Da zanen sura ya zo, sai Arewa ta zama wa masu shi wurin ɗiban abin kallo. Mai karatu ya san jerin: mahaya dawaki ranar hawan salla, da mai busa kakaki, da Bafillatana mai tallar nono irin waɗanda ke bayan takardar naira 10, sa'an nan almajiri da ƙoƙonsa, da 'yar talla da farantinta. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne rabon yaron Hausa a bangon otal-otal da ofisoshi da shagunan sai da zane.

A shekarun baya-bayan nan zanen zahiri ya sake samun kasuwa. A 2016 zane-zanen Oresegun Olumide na yara suna wanka, ruwa na gangarowa a fuskokinsu, suka zagaya duniya ta intanet, mutane na rantsuwa cewa hotuna ne. A 2018 wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shugaban Faransa Macron a Ikko, duniya ta yi ta tafi. Gwaninta ce babu shakka, kuma samarinmu na Arewa da dama sun bi sahu da fensir da gawayi. Abin da ke damuna shi ne yabon da ake yi musu bai wuce kalma biyu ba, watau “kamar hoto”. Idan kama ita ce iyakar abin nema, to, mai ɗaukar hoton fasfo a bakin tashar Funtuwa ya riga kowa.

Ƙuruciya a Idon Bahaushe

Bari mu dubi yaron da kansa. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tare da su Bakori da Danja da Ƙafur da Faskari da Ɗandume, ita ce kudancin Jihar Katsina, inda damina ta fi tsawo, ƙasa kuma ta fi ta arewacin jihar ƙarfi. Auduga ce ta fito da sunanta a zamanin Turawa: ga hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ga injinan gurza, ga gonar irin auduga a Daudawa, ga fuloti inda ake awo da kaka. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da noman masara. Auduga ta ja baya daga baya, masara da dawa da waken soya suka cike gurbi, amma har gobe shekarar yaro a wannan ƙasa gona ce take tsara ta.

Ranar shuka yaro ne ke bin bayan mai sara da sungumi, yana zuba iri yana rufewa da diddige. Idan damina ta yi nisa shi ne mai yankan ciyawa, shi ne mai kiwo, shi ne mai kai abinci gona. Idan hatsi ya nuna shi ne mai korar tsuntsaye. Da kaka yana cikin masu tsinkar auduga da ɓarar masara, abin da ya samu a kala kuwa nasa ne. Idan ya ɗan tasa, ubansa yakan yanka masa gayauna a gefen gandu, ya noma abin kansa. Yarinya kuwa tun tana 'yar shekara shida ko bakwai za ka gan ta da ƙanenta a goye, da hantsi ta ɗauki talla, da dare ta fita dandali gaɗa. A tsakanin waɗannan ne ake makarantar allo da ta boko, da langa da tashe da ƙera motar kara. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa aka buga a 1954, ya nuna cewa tun zamanin kakanninmu wasa da aiki a cakuɗe suke a ƙuruciyar Bahaushe.

To, ina tsarkin ƙuruciya a nan? Bahaushe bai ɗauki yaro mala'ika ba. Yana cewa yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Yana cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Yana cewa ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Yana kuma cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wurinsa yaro ɗanye ne, wayo da hankali ba su gama zuwar masa ba. Addini kuma ya koya masa cewa a kan fiɗira ake haihuwar kowane yaro, kuma alƙalami ba ya hawa kansa sai ya balaga. Saboda haka abin da Bature ya kira tsarki, a wurin Bahaushe rashin alhaki ne, kuma wannan rashin alhaki yana da amfani a zaman jama'a. Gidan da aka rubuta wa “ba shiga”, yaro yana shiga. Shi ne ke ratsa zaure ya isa tsakar gida, shi ne ke kai saƙo tsakanin uwargida da kasuwa, tsakanin saurayi da budurwa, tsakanin surukai masu jin nauyin juna. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafafun yara take tsaye. A taƙaice, yaron Turai na cikin zane an gane tsarkinsa da hannu wofi, shi kuwa yaron Hausa da aike a hannu ake gane nasa, domin saboda ba a tuhumarsa ne aka ba shi amana. Mai zanen da bai fahimci wannan ba, ko dai ya ƙwace farantin don yarinyar ta zama tsarkakakkiya, ko kuwa ya bar mata shi ya cika idonta da hawaye don ta zama abar tausayi.

Alama Ɗaya, Ma'ana Biyu

Yanzu sai mu ɗauki alamomin ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda suke sauya ma'ana idan suka ƙetare teku.

Na farko, ido. Masu zane suna son manyan idanu da aka zuba wa mai kallo kai tsaye, domin a al'adar da suka koya wannan alamar gaskiya ce da buɗaɗɗiyar zuciya. A Malumfashi kuwa yaron da ya ƙura wa babba ido, tsaurin ido gare shi, kuma gidansu za a zaga. Yaro mai tarbiyya sunkuyar da kai yake yi. Abin takaici, idan aka zana shi a sunkuye, baƙo sai ya fassara ladabinsa da baƙin ciki. Labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne, amma sai mai jin harshen fuskar.

Na biyu, farar tufa. Bahaushe yana yabon fari, yana cewa farar zuciya da farin jini da farar aniya, amma farar riga ta dattijo ce da malami da ranar Juma'a, farin ƙyalle kuma likkafani ne. Babu uwar da za ta tura ɗanta gona da fararen kaya. Yarinyar ƙauye ranar salla atamfa mai launi take ɗaurawa, da kwalli da lalle da sabon kitso, kuma a nan ne murnarta take.

Na uku, dabba. A zanen Turawa ɗan rago a hannun yaro alama ce da aka ɗauko daga addinin Kirista, tana nufin tawali'u da sadaukarwa, kurciya kuma aminci. A Bakori ko Ƙafur, akuyar da yarinya take ja dukiya ce, watakila tata ce ta kanta, da ita za a fara tara kayan ɗakinta. Ragon da yaro yake yi wa ciyawa na layya ne ko na kasuwa. Tattabarun da ke kan kafaɗarsa jarinsa ne na farko, yana lissafin 'ya'yansu. Mai zanen da ya san haka zai fito da alfahari a fuskar yaron, domin mai abu ne.

Na huɗu, fure. Bature yana ba yaro fure don ya ce ƙuruciya kyakkyawa ce mai saurin yaushi. Ɗan manomi ba ya tsinke fure, domin fure alkawarin 'ya'ya ne. Furen auduga da ya buɗe da launin ɗorawa-ɗorawa, kashegari ya koma ja-ja, a idonsa kuɗin kaka ne ke tafe.

Na biyar, ƙoƙo da allo. Almajiri yana da abu biyu, amma ƙoƙon aka fi zanawa, domin shi ne ya yi daidai da yaron Murillo. Allon kuwa, wanda saboda shi ne ya bar gida, sau da yawa ba ya cikin zanen, in ma yana ciki sai a yi masa 'yan layukan da ba su da ma'ana. Alhali girman allo da yawan rubutunsa suna faɗin inda yaro ya kai, ko yana babbaƙu ne, ko farfaru, ko ya yi nisa. Ko kolo ne, ko titibiri, ko ya kusa zama gardi. Wanda ya zana ƙoƙo ya bar allo ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya fi sayuwa ya zaɓa.

Bayan waɗannan akwai alamomin da ke jikin yaron tun asali, waɗanda ba sai an aro ba: tsagar da wanzami ya yi masa wadda ke faɗin asalinsa, da tukku ko zankon da aka bar masa, da layar da kakarsa ta rataya masa, da gammon da ke kan 'yar talla, da kaushin da fartanya ta bari a tafin hannu, da motar karan da ya ƙera da kansa. Kowane ɗaya daga cikinsu magana ce cikakkiya ga mai ji. Da ɗan gari akan ci gari.

Sukar da Za A Iya Yi

Na san wani zai ce, ashe kana ƙawata wahalar yara ke nan, kana kiran bauta da sunan amana. Wannan suka tana da nauyi, kuma ban ce duk abin da yaro yake ɗauka amana ce ba. Akwai yaron da ake goya wa tankin feshin maganin ƙwari ba abin rufe hanci. Akwai yarinyar da talla ta hana ta makaranta, ta kuma jefa ta hannun miyagu. Akwai almajirin da iyayensa suka manta da shi. Tun 1976 aka yi alkawarin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, amma har yau akwai ɗimbin yara a waɗannan ƙauyuka da ba sa zuwa aji. Daɗin daɗawa ga masifar 'yan bindiga: a daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, kuma da aka sako su bayan kwana shida, duniya ta ga hotunansu, ƙafa ba takalmi, jiki duk ƙura.

Amsata ita ce, wannan wahala ita ce ma babban dalilin da ya sa alamar aro ba za ta wadatar ba. Hawayen da aka ɗiga wa yaro da buroshi suna sa mai kallo ya ce “Allah sarki”, ya ji ya sauke nauyi, ya wuce. Ba sa gaya masa ɗan wane ne, daga wane gari, me ya raba shi da gonar ubansa, wa yake cin ribar guminsa. Yaron da ba shi da suna ba shi da mai bin kadinsa. Abin da Perov ya yi shi ne ya zana nauyin gangar yadda mai kallo zai nemi wanda ya ɗora ta. Mai zanen zahiri na gaskiya a ƙasarmu shi ne wanda zai iya bambanta farantin da ya zama amana da wanda ya zama zalunci, ya kuma nuna bambancin a kafaɗar yarinyar da tsayuwarta da lokacin da rana ta kai. Tallar hantsi daban, tallar bayan isha a tashar mota daban.

Wani kuma zai ce, me ya kai mu ga zancen sura alhali addini ya yi magana a kanta? Lalle malamai sun yi magana. Na Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, watau mutum-mutumi, da wadda aka shimfiɗa a kan takarda ko bango, suka fi tsanantawa a kan ta farko, wasu malaman kuma sun hana duka biyun. Wannan fage ne na ma'abotansa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da na sani shi ne, ko mun zana ko ba mu zana ba, ana zana 'ya'yanmu, ana sayarwa, ana kuma gina ra'ayi a kanmu da abin da aka zana. Wanda ya ƙi riƙa buroshi saboda tsantseni yana da hujjarsa, amma wannan ba ta hana shi sanin abin da ake faɗa a kansa ba.

Na uku zai ce, ai wannan aikin sashen koyar da zane ne, ba na Sashen Hausa ba. Ni kuwa ina ganin rabinsa namu ne. Su ne suka san haɗa launi da auna gaɓoɓi, amma ma'anar tukku da gammo da sunkuyar da kai a hannun masu nazarin al'ada take. Malamanmu sun sama mana kayan aikin feɗe waƙa, irin su jigo da salo da kamantawa da siffantawa da alamtarwa, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara a Gadon Feɗe Waƙa. Babu abin da zai hana mu gwada waɗannan wuƙaƙe a kan zane.

Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa siffar yaro tsarkakakke mai hannu wofi, da ta yaro abin tausayi, a Turai aka ƙera su domin bukatun mutanen can, kuma idan aka ɗora su a kan yaron ƙasar Funtuwa da Malumfashi sai su rufe shi. An kuma nuna cewa Bahaushe yana da tasa fahimtar ƙuruciya, wadda ta ginu a kan rashin alhaki da riƙon amana, yana kuma da alamomin da ke bayyana ta.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai guda biyu ce. Ta farko, duk lokacin da aka nuna mana zanen yaron Hausa, kada mu tsaya ga yaba kama, mu yi masa tambayoyi uku: ɗan wane gida ne, mene ne a hannunsa, wa ya ba shi? Zanen da ya kasa amsa ko ɗaya daga ciki, komai kyansa, yaron bai shiga cikinsa ba. Ta biyu, waɗanda suka fito daga waɗannan garuruwa su yi amfani da hutu su tattara sunayen kayan wasan yara, da ire-iren aski da kitso da tsaga, da ayyukan da ake ba yaro a kowane mataki na shekarunsa, tun kafin tsofaffin da suka san su su ƙare. Ga malamanmu kuma, roƙona shi ne a buɗe ƙofa tsakaninmu da masu koyon zane, su kawo hannu mu kawo harshe, ko Allah ya sa a sami mai zanen da uwar yaro za ta dubi aikinsa ta kira sunan ɗanta. Allah ya raya mana zuriya, ya kuma dawo da zaman lafiya a gonakinmu, amin.